Kayan Iyo da Sunayen Al'ummai: Wa Ke Raɗa Suna, Wa Ke Amsawa?

Gabatarwa

Ɗalibin da ya tashi daga Maraɗi ko Damagaram ya tafi ƙarin karatu Faransa, idan wata rana zafi ya kora shi wurin iyo na ma'aikatar magajin gari, yana iya cin karo da abu biyu tun bai taɓa ruwa ba. Na farko, mai tsaron wurin zai dubi gajeren wandonsa ya ce masa da wannan ba a shiga. Na biyu, idan hira ta haɗa su har ya ce shi *nigérien* ne, ba mamaki a tambaye shi labarin Legas. A karon farko an ƙi tufarsa, a karo na biyu an ba shi ƙasar da ba tasa ba.

Abubuwan biyu kamar ba su da alaƙa, amma mai nazarin walwalar harshe zai ga inda suka haɗu. Sutura da suna alamomi ne da mutum ke shiga cikin jama'a da su, kuma ba shi kaɗai ke da iko a kansu ba. Mai gida yakan ɗauki ƙa'idarsa tamkar haka Allah ya yi duniya, har ya manta wasu mutane ne suka kafa ta a wani zamani saboda wani dalili. Wannan maƙala za ta fara daga dokokin sutura na wuraren iyo a ƙasashen waje, ta bi kalmomin da ake kiran kayan iyon da su, sannan ta isa ga sunayen da al'ummai ke kiran kansu da waɗanda maƙwabta ke laƙaba musu. Manufarta ita ce ta nuna cewa kowane suna yana ɗauke da tarihin wanda ya raɗa shi, kuma mai aiki da harshen Hausa yana da alhakin sanin wannan tarihi kafin ya zaɓi kalmar da zai rubuta.

Dokar bakin ruwa

A akasarin wuraren iyo na hukuma a Faransa, namiji ba ya shiga ruwa sai da ɗan kamfai mai ɗame jiki, wanda suke kira *slip de bain*, ko kuma wani mai ɗan tsawo kaɗan, shi ma matsattse. Gajeren wando mai walwala, wato *short* ko *bermuda*, an hana shi. Wurare da yawa ma sukan ajiye na'urar sayar da kaya a bakin ƙofa domin wanda ya zo bai shirya ba. Hujjar da ake bayarwa ita ce tsabta: wandon da mutum zai iya yini yana yawo da shi a gari zai kwaso ƙura da gumi ya kai su cikin ruwa, alhali ba wanda zai shiga kasuwa da ɗan kamfai. Ba wata dokar ƙasa guda ce ta tsara wannan ba. Kowace ma'aikatar magajin gari ita ke rubuta dokar cikin gida ta wuraren iyonta, sai dai al'adar ta game ƙasar.

Baƙi daga Amurka da Ingila, inda wando mai faɗi shi ne kayan iyon maza na yau da kullum, sukan sha mamaki, domin abin da Bafaranshe ke kira tsabta su a wurinsu ya yi kusa da tsiraici. Kowace ƙasa kuma da inda take sa ido. A Italiya wurare da yawa ba sa barin mutum ya shiga ruwa ba hular roba a kansa. A Japan wuraren iyo da gidajen wanka masu yawa suna hana mai zane a fata shiga, saboda an daɗe ana danganta zanen da ƙungiyoyin ƴan daba da ake kira *yakuza*. A Berlin kuwa, a watan Maris 2023, hukumar wuraren iyo ta birnin ta bayyana cewa mace na iya yin iyo ba ta rufe ƙirji ba, kamar yadda namiji ke yi. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne.

Taƙaddama mafi zafi ta taso ne a kan rigar iyon da wasu mata Musulmi ke sawa, wadda ake kira *burkini*. Ranar 16 ga Mayu 2022, majalisar birnin Grenoble, ƙarƙashin magajin gari Éric Piolle, ta amince da sabuwar dokar wuraren iyo da ƙuri'a 29 a kan 27. Dokar ta buɗe ƙofa ga rigar da ba ta manne wa jiki gaba ɗaya ba, amma ta bar hanin da ke kan gajeren wandon maza. Perefe na yankin Isère ya kai ƙara, kotun ƙararrakin mulki ta dakatar da wannan sashe ranar 25 ga Mayu, sannan ranar 21 ga Yuni 2022 kotun ƙoli ta wannan fanni, wato *Conseil d'État*, ta tabbatar da dakatarwar. Hujjarta ita ce an sassauta dokar tsabta ne domin biyan buƙatar addini ta wani rukuni kaɗai, wanda hakan ya saɓa wa daidaito tsakanin masu amfani da wurin. A Jamus kuwa lamarin ya bi wata hanya: a watan Satumba 2013 kotun tarayya ta ƙararrakin mulki da ke Leipzig ta yanke cewa wata ɗaliba Musulma ba za ta ƙaurace wa darasin iyo na makaranta ba, tun da tana iya sa *burkini*. Tufa guda ce, a wata kotu ta zama mafita, a wata ta zama matsala.

Sunan tsibiri a jikin tufa

Kalmar *burkini* ita za ta shigar da mu fagen kimiyyar harshe, amma sai an fara da uwarta. Bikini sunan wani rukunin ƙananan tsibirai ne a Tsibiran Marshal, cikin tekun Fasifik. Mutanen wurin *Pikinni* suke cewa, Turawa suka rubuta shi da nasu furuci. A watan Maris 1946 sojojin Amurka suka kwashe mazauna wurin, mutum 167, domin su gwada makaman nukiliya. An yi gwajin farko ranar 1 ga Yuli 1946. Kwana huɗu bayan haka, ranar 5 ga Yuli, wani Bafaranshe mai suna Louis Réard ya gabatar da sabon kayan iyon mata mai gida biyu a wurin iyo na Molitor da ke Paris, ya raɗa masa suna *bikini*, domin a lokacin ba sunan da ya fi wannan yawo a jaridu. Daga 1946 zuwa 1958 an yi gwaji 23 a tsibiran. Masu wurin an yi ta sauya musu mazauni, daga Rongerik zuwa Kwajalein zuwa Kili, yayin da sunan garinsu ya zagaye duniya a matsayin sunan tufa.

Daga nan kalmar ta shiga hannun masu magana, suka yi mata abin da za a iya kira sake yankan kalma. Tun da tufar gida biyu ce, kuma *bi-* a Latinanci yana nufin “biyu”, sai aka ɗauka kalmar ta ƙunshi ɗafa-goshi *bi-* da saiwa *-kini*. A harshen mutanen Marshal ba haka take ba, amma da zarar an yi wannan yanka sai *-kini* ya zama ƙwayar ma'ana mai zaman kanta, ana liƙa masa abin da aka ga dama. A 1964 Rudi Gernreich ya fito da tufar da aka sani da *monokini*, inda *mono-* na Girkanci ke nufin “ɗaya”. A 2004 Aheda Zanetti, ƴar Ostiraliya haifaffiyar Labanan, ta ƙirƙiro rigar iyo mai rufe jiki, ta haɗa *burqa* da *bikini* ta samar da *burkini*.

Wannan suna ya taimaka wajen talla, amma ya ɗora wa tufar kayan da ba nata ba. Burƙa tana rufe fuska, kuma tun 2010 Faransa ta hana rufe fuska a bainar jama'a. Ita *burkini* ba ta rufe fuska, ba ta rufe tafin hannu ko na ƙafa, siffarta ta fi kusa da rigar masu nutso. Duk da haka rabin sunanta yana tunatar da mai sauraro abin da doka ta hana, shi ya sa mutane da yawa kan yanke mata hukunci tun ba su gan ta ba. Abin da Hausawa ke nufi ke nan da suka ce suna linzami ne.

Sake yankan kalma ba baƙon abu ba ne a Hausa. Larabci yana da *al-* na fayyacewa, amma da Bahaushe ya ari *al-kitāb* da *al-khabar* sai ya haɗiye shi cikin saiwa, aka sami *littafi* da *labari*. Haka ya faru ga sunan Larabawa kansu: harafin *l* da ke farkon *Larabawa* da *Larabci* saura ne na *al-* da ke cikin *al-ʿArab*. Sai dai a kiyaye da kamancin sauti. *Burkini* da *Burkina* sun yi kama a kunne, amma ba abin da ya haɗa asalinsu.

Sunan ciki da sunan waje

Labarin Pikinni ya nuna cewa suna yana iya kuɓuce wa masu shi. Masana sun raba sunayen al'ummai da wurare gida biyu: sunan da masu abu ke kiran kansu da shi, wanda Faransanci ke cewa *endonyme*, da wanda wasu ke kiransu da shi, wato *exonyme*. A nan za mu ce sunan ciki da sunan waje.

Ba misalin da ya kai na Jamusawa. Su *Deutsch* suke kiran kansu, daga tsohuwar kalmar *diutisc*, wadda ke nufin “na jama'a”, wato harshen talakawa saɓanin Latinancin malaman coci. Faransawa suna cewa *Allemand*, daga sunan ƙabilar Alemanni da ta zauna kusa da su a gaɓar kogin Rhin, kuma ta wannan hanya Larabci ya sami *Almāniyā*. Mutanen Finlan suna cewa *Saksa*, daga wata ƙabilar dabam, wato Sakson. Ingilishi ya ɗauki *German* daga *Germani* na Rumawa. Mutanen Polan suna cewa *Niemcy*, Rashawa suna kiran mutum guda *nemets*, daga wata saiwa mai ma'anar “bebe”, wato wanda ba a fahimtar maganarsa. Wannan sunan ya bi ta Turkanci ya shiga Larabci ya zama *an-Nimsā*, amma can yana nufin Ostiriya. Italiyanci yana cewa *tedesco*, wanda asalinsa ɗaya da *Deutsch*. Ingilishi ma yana da kalmar mai wannan asali, *Dutch*, sai dai ya ba mutanen Holan ita. Namu *Jamus* daga jam'in Ingilishi *Germans* ya fito: sunan mutane ya zama sunan ƙasa, sannan Hausa ta sake gina sunan mutane a kansa, *Bajamushe* da *Jamusawa*.

Daga wannan misali ana iya fitar da hanyoyi uku da sunan waje ke samuwa. Ko dai a ɗauki sunan rukunin da aka fara haɗuwa da shi a yafa wa kowa, ko a ari sunan daga bakin wani maƙwabci na uku, ko kuma a kira mutane da wata siffa da aka ga suna da ita. Hanya ta farko ita ta sa muke cewa Ingila muna nufin Birtaniya baki ɗaya, abin da ba ya yi wa mutumin Sikotlan daɗi. Ita ce kuma ta sa ake cewa Holan, alhali lardi biyu ne kawai cikin 12 na ƙasar ke ɗauke da wannan suna, har gwamnatin ƙasar ta daina amfani da shi a tambarinta na tallata ƙasa a farkon 2020. Akwai kuma akasin haka, inda ƙasa guda ta riƙe sunan nahiya: Amurkawa suna kiran kansu *American*, amma masu magana da Sifaniyanci a kudancin nahiyar sun fi son su ce musu *estadounidense*, domin su ma ƴan nahiyar Amurka ne.

Hanya ta biyu tana da amfani ga mai tarihin harshe, domin sigar suna tana nuna ta bakin wa ya iso. *Masar*, *Sin*, *Habasha* da *Sham* sun zo wa Hausa ta Larabci, ta hanyar malamai da fatake da alhazai. *Jamus* da *Ingila* sun zo ta Ingilishi a zamanin mulkin mallaka. *Ikko* kuwa ya fito ne daga *Èkó*, sunan ciki na Yarabawa, yayin da *Legas* ya samo asali daga Fotugisanci.

Yadda Hausa ke raɗa wa mutane suna

Hausa tana da hanya biyu ta kiran mutum da asalinsa. Ta farko ita ce ɗafa-goshi *Ba-* a tilo, da ɗafa-ƙeya *-awa* a jam'i: *Bagobiri* da *Gobirawa*, *Ba'adare* da *Adarawa*, *Bakatsine* da *Katsinawa*. Idan wasalin *-e* ya biyo *s* ko *t* sai a sami ganɗantawa, shi ya sa *Hausa* ta ba da *Bahaushe*, *Faransa* ta ba da *Bafaranshe*, *Sakkwato* ta ba da *Basakkwace*. Hanya ta biyu ita ce *ɗan*, *ƴar* da *ƴan*: ɗan Nijar, ƴar Kamaru, ƴan Cadi.

Hanyoyin biyu ba aiki ɗaya suke yi ba. *Ba-* ya fi karkata ga tsatso da harshe, *ɗan* kuwa ga ƙasar da mutum ke riƙe da takardunta. Don haka ana iya haɗa su ba tare da maimaici ba: Bahaushe ɗan Gana, Balarabe ɗan Nijar. Ɗan ƙwallon da iyayensa suka fito daga Mali amma yake buga wa Faransa wasa, Bahaushe zai ce ɗan Faransa ne, da wuya ya ce Bafaranshe, alhali Faransanci kalma ɗaya yake da ita, *Français*. Ana iya lura kuma cewa ƙasashe masu nisa su suka fi samun *Ba-*, kamar *Ba'amurke* da *Ba'indiye*, domin daga nesa mutanen ƙasa kan yi kama da ƙabila guda. Ƙasashen maƙwabta kuwa, inda Bahaushe ya san akwai al'ummai barkatai har da ƴan'uwansa, *ɗan* suke samu. Nan ma a kiyaye da kamanci: *Ba-* na *Batswana* da *Basotho* a kudancin Afirka jam'i ne, tilonsa *Mo-* kamar a *Motswana*, kuma ba shi da dangantaka da namu.

Hausa, kasancewarta harshen kasuwa, ta raɗa wa maƙwabta sunaye da yawa, wasu ma Turawa daga bakinta suka ɗauke su. Fulani suna kiran kansu *Fulɓe*, tilo *Pullo*. Ingilishi ya ari *Fulani* daga Hausa, Faransanci ya ari *Peul* daga Wolof. Waɗanda muke kira Barebari, *Kanuri* suke kiran kansu. Waɗanda muke kira Buzaye ko Abzinawa suna cewa *Imajeghen* ko *Kel Tamajaq*, yayin da *Touareg* na Faransanci jam'i ne na Larabci da aka mayar tilo, irin abin da ya sami *Jamus*. *Tubu* ma yana ɗauke da ɗafa-ƙeya *-bu* na Kanuri, wanda ke cikin *Kanembu*, amma masu sunan *Teda* da *Daza* suke kiran kansu.

Mu ma ba mu tsira ba. Kanuri suna kiran Bahaushe *Afuno*, Yarabawa suna cewa *Gambari*, Fulɓe sun daɗe suna cewa *Haaɓe*, kalmar da suke kiran wasu al'ummai da ba Fulɓe ba da ita, har da Dogon na Mali. A Sudan kuwa akan haɗa Hausawa da Fulani da Kanuri a ce musu *Fallata*, wato dai hanyar nan ta farko, sunan rukuni ɗaya ya game kowa.

Sunan waje ba dole ne ya zama zagi ba, wani lokaci ma yakan koma sunan ciki. Sunan Yarabawa ya bayyana a rubuce-rubucen Larabci na Ahmad Baba na Tumbuktu a farkon ƙarni na 17, da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a ƙarni na 19, kuma da farko mutanen Oyo aka fi nufi da shi. Samuel Ajayi Crowther ya sa shi a kan littafinsa na kalmomin harshen a 1843, daga baya dukkan al'ummar ta rungume shi. Amma akwai sunayen da ke ɗauke da ƙaya. *Inyamuri* ana danganta shi da jumlar Ibo *nye m mmiri*, “ba ni ruwa”, kuma masu sunan ba sa son sa. *Buzu* a asali ya fi shafar rukunin bayi da barori na al'ummar Tamajaq kafin ya game kowa, don haka ba kowa ke jin daɗinsa ba. Mai magana yana iya furta waɗannan kalmomi da zuciya ɗaya, amma kyakkyawar niyyarsa ba ta goge tarihin da mai sauraro ke ji a cikinsu.

Idan ƙasa ta zaɓi sunanta

Mu koma ga ɗalibinmu da aka tambaya labarin Legas. Nijar da Najeriya duka daga sunan kogi ɗaya suka samo suna, kuma sunan waje ne, domin mazauna gaɓarsa suna da nasu: Zarma da Soŋay suna cewa *Isa*, Mande suna cewa *Joliba*, Hausawa suna cewa *Kwara*. Ƴar jarida Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan *Nigeria* a jaridar *The Times* a watan Janairu 1897, Faransa kuma ta mayar da yankinta *Colonie du Niger* a 1922. Sakamakon haka, a Faransanci wasali guda ne ya raba *nigérien* da *nigérian*, Ingilishi kuma sai da ya ari sigar Faransanci kafin ya iya bambance su a rubuce. Hausa ba ta da wannan ruɗani: ɗan Nijar da ɗan Najeriya ba sa rikita kunnen kowa.

Wasu ƙasashe sun ƙi zama da sunan da aka bar musu. Ranar 4 ga Agusta 1984, a zamanin Thomas Sankara, *Haute-Volta* ta koma Burkina Faso. An ɗauko *burkina* daga harshen Moore, mai ma'anar mutunci da gaskiya, aka ɗauko *faso* daga Jula, “gidan uba”, sannan sunan ɗan ƙasa, *Burkinabè*, ya ɗauki ɗafa-ƙeya *-ɓe* na Fulfulde, wanda ke cikin *Fulɓe*. Harsuna uku na ƙasar aka haɗa da gangan, kuma kalmar ba ta bin ƙa'idar Faransanci ta jinsi da adadi. A 1985 gwamnatin Abijan ta nemi a daina fassara *Côte d'Ivoire* zuwa wasu harsuna. A 2018 Sarki Mswati na Uku ya mayar da *Swaziland* ta zama *Eswatini*. A watan Yuni 2022, watan da aka yanke hukuncin Grenoble, Majalisar Ɗinkin Duniya ta karɓi buƙatar Ankara ta a riƙa rubuta *Türkiye*. Mu wannan bai sauya mana komai ba, domin *Turkiyya* da muka samu ta Larabci dama tana kusa da sunan ciki.

A nan ne kamancin sutura da suna ya ƙare. Wurin iyo yana da ƙofa da mai tsaro da rubutacciyar doka, kuma wanda bai yarda ba yana da kotun da zai kai ƙara. Harshe ba shi da ko ɗaya daga waɗannan. Gwamnati tana iya sauya suna a fasfo da taswira da kujerar Majalisar Ɗinkin Duniya, amma ba ta da iko da bakin mutanen wata ƙasa. Shekaru kusan 40 bayan roƙon Abijan, har yanzu jaridun Ingilishi da yawa *Ivory Coast* suke rubutawa. Abin da ke sauya suna a bakin jama'a shi ne maimaici: abin da malami ya faɗa a aji, abin da mai gabatar da labarai ya karanta, abin da mai fassara ya sa a takarda.

Kammalawa

Wannan shi ya sa batun ya shafi ɗaliban kimiyyar harshe kai tsaye. Dokar 2001 da ta lissafa harsunan ƙasa goma na Nijar ta yi amfani da sunayen ciki irin su *fulfulde*, *tamajaq* da *gulmancema*. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 kuma ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Harshen da ya hau wannan matsayi za a rubuta dokoki da littattafan makaranta da sanarwar hukuma da shi, kuma sunan da aka sa wa wata al'umma a irin waɗannan takardu ya fi wanda ake faɗa a kasuwa nauyi. Waɗanda za su yi wannan rubutu suna zaune yau a azuzuwan jami'o'in Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa.

Ba cewa ake yi a zubar da duk sunan waje ba. Ba wanda zai nemi Bahaushe ya daina cewa Jamus, kamar yadda ba mu neman Kanuri su daina cewa Afuno. Abin da ake buƙata shi ne mai rubutu ya yi wa kowane suna tambaya uku kafin ya sa shi: wa ya raɗa shi, me yake nufi a asali, kuma yaya masu shi ke ji idan an kira su da shi? Idan amsar ta ukun ta nuna akwai ciwo, kuma ga wata kalma da mai karatu zai gane, to a ɗauki wadda masu sunan ke amsawa da daɗin rai. Tambaya ta uku ba a samun amsarta a ƙamus, sai an je an tambayi mutane. Ɗalibin da ke neman batun kundin kammala karatu yana iya ɗaukar na'urar naɗar magana ya shiga kasuwar garinsu, ya tattara sunayen da ake kiran kowace al'umma da su, sannan ya koma wurin masu sunan ya ji wanne suke amsawa.